Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin Makarantun Gaba da Digiri da Hukumar Tallafin Karatu ta Jihar Katsina

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu wasu malaman lafiyar al'umma ne da masana abinci mai gina jiki da ke aiki a Katsina da Daura. Abu ɗaya ya sa muka ɗauki alƙalami: ilimin bin diddigin alaƙar abinci da cututtuka a cikin jama'a, wanda a jami'a ake kira efidimiyolojin abinci, da yadda ake zaɓen waɗanda za su karance shi a digiri na biyu da na uku. Maganar ta shafi Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, da Jami'ar Al-Qalam, ko a shirin da ke ƙasa ko a wanda za a buɗe nan gaba. Ta kuma shafi hukumar da ke biya wa 'ya'yan jiha kuɗin karatu a Zariya, Kano, Ibadan ko ƙetare.

Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure a Najeriya. A Arewa maso Yamma 57 ne, a Katsina kuwa sun haura 60. A 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa yara 652 sun rasu sakamakon tamowa a cibiyoyinta na jihar nan cikin wata shida na farkon shekarar. Waɗannan alƙaluma kun san su. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne binciken ƙasa sai bayan kimanin shekara biyar ake yin sa, kuma lamba ɗaya yake bai wa jiha dungum. Ba ya raba Mai'aduwa da Funtuwa, ba ya cewa ga abin da ke faruwa a Baure da damina. Muna da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a wannan magana mai ɗakin jira yake baƙo ya zo da tsani ya duba masa.

Mai wannan ilimi ba shi ne ke tsara wa mai ciwon sukari abinci a gadon asibiti ba, ba kuma shi ne ke raba abincin tamowa a cibiya ba. Aikinsa ƙirga ne da kokwanto. Idan aka ce masa yaran da ke cin ƙwai sun fi tsawo, zai tambaya: ƙwan ne, ko kuwa gidan da ke iya sayen ƙwai shi ne mai rijiyar burtsatse da uwa mai karatu? Idan aka ce yaran da aka daɗe ana shayarwa sun fi rama, zai tambaya ko ramar ce ta sa uwa ta ƙi yaye. Wannan kokwanto ba wasa ba ne. An daɗe ana ganin masu yawan cin ganye da 'ya'yan itace ba su cika kamuwa da sankarar huhu ba, har aka ɗora abin a kan sinadarin beta-karotin da ke cikinsu. Da aka gwada ƙwayar sinadarin a kan maza masu shan taba sama da 29,000 a ƙasar Finland, sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna sankarar ƙaruwa ta yi da kashi 18 cikin 100. Wani gwajin a Amurka an dakatar da shi a 1996 saboda irin wannan dalili. Wanda ba a koya masa bambance "suna tafiya tare" da "wannan ne ya haddasa wancan" ba, zai iya sa gwamnati ta zuba kuɗi inda ba amfani, da zuciya ɗaya.

To, ga ƙofar shiga. Sharuɗɗan da jami'o'in Najeriya suka saba nema sanannu ne: kiredit biyar har da Turanci da lissafi, digiri mai daraja ta biyu ko da ƙaramar ce, wato maki 2.40 zuwa 3.49 a ma'aunin 5, da takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa. Mai daraja ta uku ko babbar difloma sai ya fara da diflomar share fage. Digiri na uku kuma galibi ana neman maki 3.50 a digiri na biyu. Ba mu ce a taɓa ko ɗaya daga ciki ba. Sai dai duk cikinsu babu wanda ke nuna ko mai nema zai iya rarraba yara 200 a jadawali mai gida huɗu, wato layi biyu a kwance biyu a tsaye, ya fitar da kaso, ya faɗi ma'anarsa. A nan ɗalibai ke karyewa. Mai babban maki a kimiyyar sinadaran jiki ko hidimar gida zai iya shigowa rabonsa da lissafi tun ajin farko, ya haddace darasin ƙididdiga ya ci jarrabawa, ranar nazarin bayanai kuma ya kai wa mai shagon kwamfuta ya biya a danna masa. Ana gane irin wannan kundin digiri ranar kare shi: jadawali ashirin, ɗalibi bai iya bayanin ɗaya ba.

Don haka muna roƙon a ƙara jarrabawar tantancewa ta awa ɗaya da rabi, a kuma wallafa samfurinta tun ranar da aka fara sayar da fom. Ba ta bukatar wahala: kaso da ma'auni, karanta zanen ƙididdiga, jadawali mai gida huɗu, sai gajeren sakamakon bincike da za a ba mai nema ya taƙaita da Turanci cikin kalma 200, sannan ya bayyana shi da baki da Hausa kamar yana gaban mai unguwa. Wannan na ƙarshen kada a raina shi. Wanda ya kasa faɗin abu da harshen da ya tashi da shi, yawanci bai gane shi ba ne. Wanda ya ci komai ya faɗi lissafi kuma ba korarsa za a yi ba; a ba shi zango ɗaya na share fage, da sharaɗin sai ya ci kafin ya wuce. A kuma buɗe ƙofar ta ɗaya ɓangaren: mai digirin ƙididdiga ko lissafi ya shigo, a ba shi zango ɗaya na ilimin abinci da aikin jiki. Sau da yawa koya wa mai lissafi bitamin ya fi sauƙi a kan koya wa mai bitamin lissafi.

Abu na biyu a ƙofar, a faɗa wa mai nema gaskiyar digirin da yake saye. Akwai digiri na biyu na ƙwarewar aiki, akwai na bincike. Jami'o'i da yawa ba sa karɓar na farkon kai tsaye zuwa digiri na uku. Ɗalibai kan gane haka ne bayan sun kashe shekara biyu da kuɗin gona. Layi ɗaya a jikin talla ya isa ya hana wannan.

Sai batun mata, wanda a wurinmu ba maganar ado ba ce. Bayanin abin da yaro ɗan wata goma ya ci jiya yana hannun uwarsa, uwar tana cikin gida, gidan kuma ba a shiga. Namiji zai tsaya a zaure, maigida ya amsa masa abin da bai gani ba. Bincike a ƙasar nan ba ya yiwuwa sai da mata, kuma ba a matsayin masu cika takarda kaɗai ba, a matsayin masu tsara tambayar. Ma'aikatan jinya, ungozoma da jami'an lafiyar al'umma da suka fito daga makarantunmu na Katsina, Malumfashi, Kankiya da Daura sun riga sun san aikin fili. A yi musu tsarin karatun ƙarshen mako, a rubuta a doka cewa mai haihuwa za ta iya jingine zango ɗaya ba tare da ta sake biyan kuɗi ba.

Kada kuma a ɗauki ɗaliban da suka fi ƙarfin masu duba su. Shawararmu, malami ɗaya kada ya wuce ɗalibai biyar a lokaci guda, kowane ɗalibi kuma ya sami masu dubawa biyu, ɗaya masanin abinci, ɗaya masanin ƙididdiga. Inda babu na biyun a gida, a nemo daga Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke cikin shirin horar da masu bin diddigin cututtuka na ƙasa tun 2008, ko Jami'ar Bayero, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina. A ƙirga malamai tukuna, sannan a yanke yawan gurabe. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Yanzu bari mu daɗe kaɗan a kan abin da za a koyar, domin shi zai nuna dalilin duk abin da muka roƙa.

Auna yaro kamar abu mai sauƙi. Nauyi zuwa giram 100, tsawo zuwa milimita ɗaya, ɗan ƙasa da wata 24 a kwance, wanda ya kai a tsaye, da bambancin santimita 0.7 tsakanin awon biyu. Zagayen damtse ga ɗan wata 6 zuwa 59: ƙasa da santimita 11.5 tamowa mai tsanani, daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 matsakaiciya. Kumburi kuma a danna bayan ƙafa biyu daƙiƙa uku a ga ko gurbin yatsa ya zauna. Wannan duk ana koyonsa a mako guda. Inda ake faɗuwa shi ne shekaru. Yara da yawa ba su da takardar haihuwa, uwa za ta ce "ya kai shekara biyu", mai tambaya ya rubuta wata 24. Ɗauki yaro namiji ɗan wata 20 mai tsawon santimita 80. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 iyakar tsumburewa a wata 20 ba ta kai santimita 79 ba, don haka yaron ya tsallake. A wata 24 iyakar tana wajen 81, sai ga shi ya faɗa cikin tsumburarru alhali ba abin da ya canja sai alƙalami. Maganin wannan shi ne kalandar abubuwan gari: azumi, ƙaramar salla, babbar salla, Maulidi, Sallar Gani a Daura, saukar damina, girbin gero, shigowar hunturu. Kuma kowace shekara sai an sake ta, tunda watannin Musulunci suna matsowa da kimanin kwana 11. Ɗalibin da bai taɓa haɗa irin wannan kalanda da hannunsa ba bai isa fita fili ba. Haka nan wanda bai ci gwajin daidaito ba, inda kowane mai awo ke auna yara goma sau biyu a ga ko hannunsa na maimaita kansa.

Auna abinci ya fi wannan wuya nesa ba kusa ba. Hanyar da aka fi bi ita ce a tambayi mutum duk abin da ya ci cikin awa 24 da suka wuce, a bi da shi zagaye-zagaye: jerin farko, abin da aka manta, lokaci, adadi da yadda aka dafa, sai bita. An tsara hanyar ne inda kowa ke da farantinsa. Mu kuwa yara huɗu ke zagaye kwano ɗaya. Malmalar tuwon gidan nan ba ta gidan can ba ce, ludayi ma haka. Fura ɗaya ce a suna, amma wadda aka dama da nono mai kauri da wadda aka tsinka da ruwa ba su haɗa hanya ba. Miyar kuka da aka saka wa daddawa da ɗan kifi daban take da wadda ba ta ga komai ba sai gishiri da kanwa. Sannan abin da yaro ya ci a waje, ɗanwake, awara, ƙuli-ƙuli, goriba, magarya, uwa ba ta gani ba. Ga kunya: wata za ta ƙara nama don kada a raina gidan mijinta, wata za ta rage komai don tana zaton rabon tallafi ne. Akwai jadawalin sinadaran abincin Najeriya na 2017 da na Afirka ta Yamma na 2019, sun taimaka ƙwarai, amma ba za su faɗa maka giram nawa ne malmalar garin Mashi ba. Dole wani ya zauna a madafi da sikeli mai auna giram ɗaya, ya auna kayan haɗi ɗanye, ya auna dafaffe, a gidaje da dama, ya fitar da matsakaici, ya ɗauki hoton ƙaramin kaso, matsakaici da babba. Wannan aiki kaɗai ya isa kundin digiri na biyu guda uku ko huɗu, kuma duk wanda zai zo baya zai ci moriyarsa. Mun fi son ganin irinsa a kan kundi na ɗari mai taken sani da ra'ayin iyaye mata.

Kwana ɗaya kuma ba ya nuna cimar mutum ta yau da kullum. Ranar kasuwa ba ranar Talata ba ce, ranar suna ba a maganarta. Sai an maimaita tambayar a wata ranar da ba ta bin ta farko, ko da ga wani kaso na mutanen, sannan a iya raba bambancin kwanaki da bambancin mutane. In ba a yi ba, kuskuren awo yakan dusashe alaƙar da ake nema, ɗalibi ya rubuta "babu alaƙa" alhali awonsa ne ya yi rauni. Wanda ba shi da halin wannan ya tsaya a ƙirga rukunin abincin da aka ci, inda ake son aƙalla biyar cikin takwas ga yaro ɗan wata 6 zuwa 23, biyar cikin goma ga mace mai shekara 15 zuwa 49. Ya dai sani wannan ƙirga ba ta ba shi ikon cewa ga miligiram ɗin sinadarin ƙarfe da aka ci.

Jini ma yana da nasa tarkon. Ƙarancin jini a nan ba duka daga abinci yake ba: akwai zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki da sikila. Ma'aunin feritin, da ake duba ajiyar ƙarfe da shi, yana hawa idan jiki na fama da cuta, sai yaro mai zazzaɓi ya fito kamar ƙarfensa ya wadata. Shi ya sa ake auna alamomin da ke nuna jiki na fama da cuta tare da shi a gyara lissafi. Wanda ya ɗebi jini a watan Satumba bai yi haka ba, sauro ya auna.

Wannan ya kawo mu ga kuɗi da lokaci, inda Hukumar Tallafin Karatu ta shigo. Kusan kowane kundi za ka ga an ce mutum 384 aka bincika. Lambar ta fito ne daga lissafin da ya ɗauka an zaɓo kowane mutum ɗai-ɗai daga jerin sunayen jama'a duka. Ba haka ake yi ba. Ƙauyuka ake zaɓa, sannan gidaje, kuma 'yan ƙauye ɗaya rijiyarsu ɗaya, cimarsu ɗaya, suna kama da juna. Idan aka ninka biyu saboda haka, an koma 768. A ƙara kason waɗanda ba za a samu a gida ba, ɗaya cikin goma, an haura 850. Tawaga huɗu, kowace mutum uku, kowace tana gama yara 15 a yini, aikin mako biyu ne cur ban da kwanakin horo. Mota, mai, alawus, sikeli, allon awo, batir. Tallafin da ya tsaya a kuɗin makaranta ya bar ɗalibi da zaɓi biyu: ya tsaya bakin asibiti ya tambayi duk wadda ta fito, ko ya cika takardun a ɗakinsa. Muna roƙon a ware kuɗin aikin fili daban, a sake shi bayan kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, kashi biyu: rabi kafin fita, rabi bayan an miƙa ɗanyen bayanai an duba ingancinsu. Kowace jami'a kuma ta ajiye kayan awo na aro, kamar littafi a laburare. Manhajoji ba sa bukatar kasafi: R, WHO Anthro, ENA da KoboToolbox duk kyauta ne.

Lokacin sakin kuɗin shi ma ilimi ne. Rama tana hawa daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gudawa da zazzaɓi suka yi yawa. Tana sauka bayan kaka. Binciken da aka tsara don Yuli, kuɗi suka fito a Disamba, ya amsa wata tambayar daban. Kwamitin ɗa'a ma ya sa wa kansa wa'adi, mako shida ya isa. Sannan a tilasta wa ɗalibi ya rubuta ƙauyukan da bai iya shiga ba saboda tsaro. Wanda ya tsallake wasu mazaɓun Jibiya, Batsari, Safana ko Faskari ya maye su da na bakin titi, ya kuma kira sakamakonsa na jiha, ya ɓoye yaran da suka fi kowa shiga wahala.

Game da masu fita waje, maganar gajera ce: ba a fafe gora ranar tafiya. Manyan makarantun lafiyar al'umma na Amurka, irin na Harvard, suna rufe karɓar takardun digiri na uku wajen farkon Disamba don karatun da za a fara bayan wata tara. Tallafin karatu na Chevening na gwamnatin Birtaniya yana buɗewa a Agusta, yana neman shekara biyu ta aiki. Makarantar koyon tsafta da cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan da Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan suna da digiri na biyu a wannan fanni. Sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS shekara biyu yake yi ya mutu. Abin da ya fi kayar da 'ya'yanmu ba maki ba ne: takardar cikakken sakamako ce da ke kwana a ofis wata da watanni, da wasiƙar shaida mai layi uku wadda ba ta ce komai ba sai "yaron kirki ne". A sa wa fitar da takardar sakamako wa'adin kwana 21, a aika ta intanet kai tsaye. Malamin da zai rubuta shaida ya faɗi darasin da ya koyar, matsayin ɗalibin a aji, da aikin da ya gan shi ya yi da idonsa. Hukuma kuma ta fitar da wasiƙar ɗaukar nauyi kafin wa'adin makarantar, ba bayan an ba wani gurbin ba. Tallafin asusun ilimi na tarayya, wato TETFund, na malaman manyan makarantun gwamnati ne. Ma'aikaciyar abinci mai gina jiki da ke ƙaramar hukuma ba ta ciki, ita ce ya kamata jiha ta ɗauka. Idan aka ɗaure ta da yarjejeniyar dawowa aiki, a ɗaure ma'aikata da ajiye ta inda za ta taɓa bayanai, kada ta dawo a ba ta rajistar halartar taro.

Abin da za a iya farawa da shi a zangon ɗaukar ɗalibai mai zuwa, ba tare da jiran sabon kasafi ba, shi ne a wallafa samfurin jarrabawar tantancewa, da sunayen masu duba ɗalibai da yawan guraben kowannensu, da nau'in digirin a fili, duk a jikin talla ɗaya. Idan kun bukata, a shirye muke mu zauna da kwamitocinku mu tsara tambayoyin da kalandar aikin fili kafin damina ta sauka.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya taya ku riƙo.

Wassalam.

Daga wasu malaman lafiyar al'umma da masana abinci mai gina jiki,
Katsina da Daura.